Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Mai Juna Biyu da Damuwar Zuciya

Duk lokacin da kika zo awo, malaman asibiti sukan auna nauyinki, su gwada jininki, su duba fitsari, su saurari bugun zuciyar abin da ke cikinki. Amma akwai abu guda da babu ma'aunin da zai nuna shi sai in ke kika faɗa, wato halin da zuciyarki take ciki. A kansa za mu yi bayani a wannan fitowa, musamman domin mata da iyalai na ƙasar Gaya da Ajingi, waɗanda da yawa daga cikinsu ba sa isowa babban asibiti a Kano sai lamari ya yi tsanani.

Haƙuri da kunya, ina iyakarsu?

Tun kina ƙarama aka koya miki haƙuri, ranar da aka kai ki ɗakin miji ma da shi aka yi miki nasiha. Aka koya miki kunya, ta yadda cikin fari ba a ambatarsa a gaban manya, kuma mace takan danne ciwon naƙuda don kada a ce ta yi raki. Aka ce miki ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk waɗannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ita ke riƙe da gidaje da yawa.

Sai dai mata da yawa sun ɗauka cewa mace mai ƙarfin hali ita ce wadda ba ta taɓa cewa ta gaji. In an gaishe ta, amsarta kullum “lafiya lau”, ko da ta kwana tana kuka. In an ce a kama mata aiki, sai ta ce a bar shi. A asibiti mun san ƙarshen wannan hali: mace ta daina cin abinci, ta daina barci, ta daina zuwa awo, a gida kuma ana yabon haƙurinta har ranar da za ta faɗi.

Ƙarfin hali na gaskiya ya haɗa da sanin lokacin da kaya ya fi ƙarfinki, da yarda wani ya kama miki. Dubi tarihin Manzon Allah (SAW). Lokacin da wahayi ya fara zuwar masa a kogon Hira, ya koma gida a firgice, ya nemi Nana Khadija ta lulluɓe shi, ya gaya mata abin da ya gani da tsoron da ya ji. Ta kwantar masa da hankali, sannan ta kai shi wurin ɗan'uwanta Waraƙa bin Naufal, masanin littattafan da suka gabata. Haka nan Suratu Maryam ta ba da labarin Nana Maryam, yadda naƙuda ta kai ta gindin dabino cikin tsananin damuwa, aka lallashe ta, aka umarce ta da ta ci ta sha. Idan waɗannan bayin Allah sun bayyana damuwarsu kuma sun karɓi lallashi, babu abin kunya a gare ki idan kika yi haka.

Yaya yawan matsalar yake?

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mace 1 cikin kowace 5 takan gamu da matsalar da ta shafi lafiyar tunani a lokacin goyon ciki ko a shekarar farko bayan haihuwa. Mafi yawa ciwon damuwa ne da yawan fargaba. Ma'ana, idan mata 20 suka zauna a kan bencin awo a Babban Asibitin Gaya ko a asibitin shan magani na ƙauyenku, ba mamaki 3 ko 4 daga cikinsu suna ɗauke da wannan nauyi, kowacce tana zaton ita kaɗai ce.

Me ke kawo shi?

Na farko, canjin jiki. A lokacin ciki wasu sinadarai sukan ƙaru ƙwarai a jinin mace, da zarar mabiyiya ta fita kuma sai su sauka cikin 'yan kwanaki. Wannan saukar, tare da rashin barci da gajiyar haihuwa, tana taɓa yanayin zuciya.

Na biyu, halin rayuwa. Ga wasu abubuwan da ke ƙara nauyi:

1. Cikin fari a ƙananan shekaru, a gidan da amarya ba ta saba da kowa ba tukuna.
2. Ɓari, ko rasuwar jariri a baya, musamman ga wadda ake yi wa gorin wabi.
3. Kwanika, wato sabon ciki alhali ana goyon ƙaramin yaro.
4. Tafiyar maigida cin rani bayan kaka, zuwa Kano ko Abuja ko Legas, ya bar mace da yara da ɗawainiya.
5. Rashin jituwa da miji, da kishiya, da facala ko uwar miji, ko gorin haihuwar 'ya'ya mata.
6. Rashin abin hannu, musamman da damina kafin sabon hatsi ya shigo.
7. Duka, zagi ko wulaƙanci a cikin gida.
8. Taɓa yin ciwon damuwa a baya, ko samun mai shi a dangi.

Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da yake nuna raunin imani ko rashin godiyar Allah. Ciwo ne kamar hawan jini, yana da dalili kuma yana da magani.

Alamomin da za ki lura da su

Yawancin masu jego sukan ji wani ƙunci daga kwana na 2 ko na 3 bayan haihuwa: kuka ba dalili, saurin fushi, jin komai ya yi yawa. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako 2, in an samu hutu da kulawa.

Wanda ake jin tsoro shi ne wanda ya wuce mako 2, ko a lokacin ciki ko bayan haihuwa. Alamominsa su ne:

1. Baƙin ciki kusan kullum, daga safe har dare.
2. Daina jin daɗin abin da kika saba so, kamar hira, kitso, zuwa biki ko Islamiyya.
3. Rashin barci ko da jariri ya yi barci, ko kuma barci ba ƙaƙƙautawa.
4. Rashin son abinci.
5. Yawan tunani da faɗuwar gaba, da tsoron cewa za ki mutu wurin haihuwa ko wani abu zai sami jariri.
6. Ganin laifin kanki, da jin cewa ke ba uwar kirki ba ce.
7. Rashin jin shaƙuwa da jariri.
8. Tunanin cewa gara mutuwa.

Mata da yawa ba sa cewa “ina cikin damuwa”. Sukan ce kai yana sara, ƙirji ya yi nauyi, jiki ya mutu, ko wani abu yana yawo a jiki. Irin waɗannan alamu suna iya zama na ƙarancin jini, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon zuciyar da kan kama wasu mata kusa da haihuwa ko bayanta. Shi ya sa dole likita ya duba jiki, ke kuma ki gaya masa abin da ke ranki, don a gane wanne ne.

Me ya shafi jariri?

Bincike ya nuna cewa uwar da ke cikin matsananciyar damuwa ta fi fuskantar haihuwar bakwaini ko jariri mara nauyi. Ta fi saurin fashin awo da mantawa da maganin ƙarin jini. Bayan haihuwa kuma yakan yi mata wuya ta shayar da nono zalla har wata 6, ko ta bi ranakun rigakafi. Jariri yana koyon murmushi da gwaranci ne daga fuskar uwarsa. Saboda haka idan kina jin nauyin neman taimako don kanki, ki tuna shi ma yana da haƙƙi a ciki.

Al'adarmu ta riga ta san wannan

Iyayenmu ba su taɓa barin mai ciki ita kaɗai ba. Shi ya sa ake kai mai cikin fari goyon ciki gidan iyayenta. Shi ya sa tsohuwa take zama da mai jego, ta dafa ruwa, ta yi wa jariri wanka, ta dama kunu, har a yi arba'in. Barka da suna da gudummawa da adashi duk hanyoyi ne na ɗaukar nauyin juna.

Inda aka bar giɓi shi ne, ana karɓar taimakon jiki, amma na zuciya sai a rufe. Ana tambayar mai jego ko nono ya zo, ko jini ya tsaya, ba a cika tambayarta yadda take ji a ranta ba. Kuma a makon barka gida cike yake da mutane, washegarin suna sai kowa ya watse, daidai lokacin da ciwon damuwa ya fi fara nuna kansa. Don haka muke roƙon iyalai su ƙara wannan tambaya a cikin al'adar jego, kuma su ci gaba da leƙowa bayan taro ya tashi.

Yadda za ki karɓi taimako

Na ɗaya, ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu tun ciki yana ƙarami. Ba kowa ake buɗe wa ciki ba, kuma tsoron kada maganarki ta zagaya gari tsoro ne mai dalili. Ki duba wadda kika taɓa ba ta sirri ta riƙe: mahaifiyarki, yayarki, gwaggo, aminiya, malamar Islamiyya ko ungozoma.

Na biyu, ki fara da magana kaɗan. Ba sai kin zayyana komai a zama ɗaya ba. Ya isa ki ce, “Yaya, kwanan nan ba na barci, tunani ya yi mini yawa,” ko “Inna, ina jin tsoron haihuwar nan.” Jimlar farko ce mai wuya.

Na uku, idan an yi miki tayi, ki amsa. Maƙwabciya ta ce za ta kai miki niƙa, ƙanwar miji ta ce za ta ɗebo ruwa ko ta riƙe yaro ki runtsa, ki ce “na gode”, ki bar su su yi. Kara tana da wurinta, amma wadda ta yi tayin ma ladan take nema, kuma gobe ke za ki yi mata.

Na huɗu, ki faɗi abin da kike buƙata ƙarara. Mutane sukan so taimakawa su rasa ta inda za su fara. Ki ce a raka ki awo, ko a zauna da ke bayan magariba, ko a yi wa maigida magana a madadinki.

Na biyar, ki riƙe awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Kowane zuwa dama ce ta yin magana. Idan layi ya yi tsawo, ki ce wa malamar kina da maganar da kike so ku yi ku biyu. Aikinta ne ta riƙe sirrinki. Wasu asibitoci suna amfani da wasu tambayoyi 10 da aka tsara a Edinbara ta ƙasar Birtaniya a 1987 don gane mai ciwon damuwa. In an yi miki su, ki amsa da gaskiya.

Na shida, kada ki yanke zumunci. Zuwa Islamiyya, zaman adashi, hira da sauran mata a wurin awo, ko kiran 'yar'uwa a waya, duk suna rage nauyi. Ciwon damuwa yakan sa mace ta so kulle kanta a ɗaki, kuma kaɗaicin ne yake ƙara masa ƙarfi.

Shin magana kawai tana magani?

E, ga mata da yawa tana yi. A ƙauyukan Rawalfindi ta ƙasar Pakistan an horar da mata ma'aikatan lafiya na karkara su riƙa ziyartar masu ciki da ke da ciwon damuwa, suna sauraronsu, suna taya su warware tunani da shawo kan iyali. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna cewa wata 6 bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka yi wa haka suke da sauran ciwon, alhali a ɗaya rukunin kashi 53 ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da wannan tsari littafin koyarwa ga ƙasashe.

A nan gida ma, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gwada irin wannan a ƙananan asibitocin Jihar Oyo. Rahotonsu na 2019 ya nuna fiye da mata 6 cikin 10 sun warware a hannun ma'aikatan awo na yau da kullum. Wato taimakon yana iya farawa daga asibitin da ke kusa da ke, ko a Kademi kike, ko Toranke, ko Gafasa, ko Balare.

Wadda ciwonta ya yi nauyi, likita yana iya haɗa mata da magani. Akwai magungunan da ake ba mai ciki da mai shayarwa, amma likita ne kaɗai zai zaɓa. Kada ki sayi maganin barci a kemis ko a hannun masu talla, kuma in kina kan wani magani tun kafin ciki, kada ki daina sai kin ga likita.

Abokiyar zama a ranar naƙuda

A 2017 masana sun tattara bincike 26 daga ƙasashe 17, wanda ya shafi mata fiye da 15,000. Sun gano cewa macen da ta samu wadda ta zauna da ita tun daga farkon naƙuda har ƙarshe, tana ba ta baki, tana shafa mata baya, tana ba ta ruwa, naƙudarta ta fi gajarta, kuma buƙatar yi mata tiyata ta ragu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta zo da wanda ta zaɓa. Ɗakunan haihuwa sun bambanta wajen fili da tsari, don haka ki tambaya tun a wurin awo. Kuma da naƙuda ta fara, ki faɗa. Ɓoye naƙuda don kunya yana jawo doguwar naƙuda, wadda ke haddasa yoyon fitsari da asarar jariri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Zuwa ga maigida

Malam, kai ne na farko da za ka ga canji. Idan ka ga ta yi shiru, ta rame, tana kuka ko faɗa ba dalili, kada ka ɗauka raini ne ko shagwaɓa. Ka zauna ka tambaye ta, ka saurara har ta gama, kada ka katse ta da “ki yi haƙuri” tun ba ta faɗi abin da ke damunta ba. Ka ba ta izinin zuwa awo da ziyarar 'yan'uwa. In za ka tafi cin rani, ka bar izinin zuwa asibiti a buɗe, ka ajiye kuɗin mota, ka yi magana da mai mota ko mai babur da za a kira ko da tsakar dare, ka kuma riƙa kiranta a waya. In kana da mata fiye da ɗaya, ka sa ido kada a bar wa mai ciki aikin da ya fi ƙarfinta.

Zuwa ga iyaye da surukai

Inna, Gwaggo, Hajiya, kun haihu kun san zafin abin. Kalmar “mu ma haka muka yi, ba mu mutu ba” tana rufe bakin yarinya, ba ta sake faɗa muku komai. Ku ce mata, “Gaya mini abin da ke damunki.” Ku karɓi jariri ta samu barcin sa'o'i a jere. Ku hana gori a kan 'ya mace ko a kan haihuwa ta tiyata. Wadda ta yi ɓari ko jaririnta ya koma, ku bar ta ta yi kukanta, ku zauna da ita. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Alamomin gaggawa

A kai ta asibiti a ranar, ba sai gobe ba, idan:

1. Tana maganar kashe kanta ko cutar da jariri.
2. Ta rikice, tana surutai, tana jin muryoyi ko ganin abin da ba kowa ke gani ba.
3. Ta yi kwanaki ba barci sam, ko ta ƙi ci da sha.
4. Tana da ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska ko jijjiga.
5. Tana haki, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune.
6. Jini ya ɓalle, ko zazzaɓi mai zafi ya rufe ta.

Rikicewar hankali bayan haihuwa tana samun mace 1 ko 2 cikin 1,000, yawanci a mako 2 na farko. Sau da yawa akan ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi har lokaci ya ƙure. Ciwo ne da ake warkewa daga gare shi idan an zo da wuri. Kafin a isa asibiti kada a bar ta ita kaɗai, kada a bar ta da jariri ba mai lura, a kawar da wuƙa da maganin ƙwari da na feshin gona. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya.

A fara da asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gaya. Idan akwai buƙata za a tura ku Kano ta hanyar Wudil, zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin mace ta haukace. Da yawa daga cikin masu zuwa wurinsa damuwa ce da rashin barci suke kawo su, kuma a ranar suke komawa gida.

Addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Ki riƙe zikiri da karatun Alƙur'ani, ki roƙi malamai da iyaye su sa ki a addu'a, sannan ki zo asibiti, domin Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani.

A tuna

1. Damuwa a lokacin ciki da jego ciwo ne da ya zama ruwan dare, kuma ana warkewa.
2. Ki zaɓi wadda za ki gaya wa damuwarki tun kafin watan haihuwa.
3. In an yi miki tayin taimako, ki karɓa.
4. Ƙuncin da ya wuce mako 2, a gaya wa ma'aikacin lafiya.
5. Maganar mutuwa ko rikicewar hankali, a tafi asibiti nan take.

Idan kin karanta wannan takarda, ki karanta wa wadda ba ta iya karatun boko ba, ki kuma miƙa wa maigida ya duba. In kin zo awo na gaba aka tambaye ki yaya jiki, ki faɗi na jiki, ki faɗi na zuciya. Allah ya raba lafiya, ya raya abin da za a haifa, amin.